Takin zamani ko noman oganik, wanne ke barin kuɗi a aljihu?

Baban Sadik: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah manyanmu a ba ni shawara. Bara na noma masara a nan wajen Saminaka, na zuba kamfa, wato takin NPK, na zuba yuriya na yi feshin ciyawa, masara ta yi kyau masha Allah ba ƙarya, amma da kaka ta yi muka kai kasuwa sai ga shi kuɗin buhun masara bai sayen buhun taki, da na haɗa kuɗin hayar gona da huɗa da girbi da sussuka da kuɗin mota da ƙyar uwar kuɗi ta dawo. To yanzu ƙanena da ya gama jami'a ya sa ni gaba wai in watsar da takin zamani da feshi gaba ɗaya in koma noman oganik, wai can kuɗin yake. Ni dai riba nake nema ba suna ba. Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min gaskiya tsakani da Allah.

Na Giwa: Wa alaikumus salam. Masara babu taki? Baban Sadik ka ce dai kana son noman kara 😂

Injiniya Ƙarami: Haba yaya Na Giwa, ai ba cewa aka yi babu taki ba, cewa aka yi babu na buhu. Akwai kashin kaji, akwai na shanu, akwai takin da ake ruɓarwa a rami. Kakanninmu da me suka yi dalar gyaɗa a Kano? Ni ina bayan ƙanen Baban Sadik ɗari bisa ɗari. Duk shekara kai ne sayen taki, sayen maganin ciyawa, sayen maganin tsutsa, sayen iri, kamfani na ƙiba kai kana ramewa. A ƙasashen waje kayan oganik sun fi tsada nesa ba kusa ba kuma rububinsu ake yi.

Alhaji na Dawanau: Yaro, a ƙasashen waje ka ce. Ni a kasuwar hatsi ta Dawanau nake zaune, ban taɓa ganin wanda ya zo ya soka buhun masara ya tambaya da wane taki aka noma ta ba. Abin da ake dubawa ta bushe? ba ƙwari? ba tsakuwa? fara ce ko ja? Shi kenan. Masu kamfanin abincin kaji su ma danshi suke aunawa. In ka kawo min taka ta oganik da ta maƙwabcinka mai yuriya kuɗi ɗaya zan biya, kuma a tirela ɗaya za a loda su.

Injiniya Ƙarami: To ai Alhaji ko da kuɗi ɗaya ne, shi bai kashe kuɗin taki ba, ka ga ribarsa ta fi.

Malamin Gona: Bari in sa baki tun kafin a yi nisa, don wannan maganar lissafi take so ba ra'ayi ba. Injiniya ka ɗauko biro. Buhun yuriya kilo 50 ne, kashi 46 cikin ɗari nasa naitirojin ne, wato kilo 23 kenan a buhu guda. Busasshen kashin shanu irin wanda muke samu a nan, wanda ya sha rana ya sha iska a turke, naitirojin ɗinsa bai cika wuce kashi 1 cikin ɗari ba. Ka ga kafin ka maye gurbin buhu ɗaya na yuriya sai ka kawo tan biyu da ɗoriya. Shawarar da ake ba mai noman masara a yankinmu ita ce wajen kilo 120 na naitirojin a hekta, shi ya sa kake jin ana cewa buhu 8 na kamfa 15-15-15 sannan a bi da yuriya buhu biyu zuwa uku. In da kashin shanu zalla za ka yi wannan, maganar tan 12 ake yi a hekta ɗaya, kuma wannan a takarda ne, don ba duka yake sakewa shekarar farko ba, wani sai baɗi wani sai baɗin baɗaɗa. To yanzu ka tambayi kanka shanu nawa gare ka, wa zai loda, wa zai ɗauko, nawa ne man mota, wa zai watsa. Mai eka ɗaya a bayan gida da awaki da tumaki zai iya. Mai hekta biyar fa?

Na Giwa: Yauwa Malam, Allah ya ƙara ilimi. Faɗa masa dai.

Malamin Gona: A'a Na Giwa kar ka yi saurin murna, kai ma akwai naka a gaba.

Baba na Gezawa: Ni tsoho ne rubutu na ba ni wuya, jikana ke taya ni. Yaron nan da ya ce kakanni gaskiya ya faɗa amma rabi. Mu da muka tashi a nan kewayen Kano gona ba ta hutawa, shekara da shekaru ana noma ta kuma tana bayarwa, saboda me, saboda da rani aikinmu kenan jigilar taki. Jaki da mangala, a shiga birni a kwaso juji da toka da kashin dabbobi a tara tsibi tsibi a gona kafin ruwa ya sauka. Bayan girbi Fulani su zo su sauka a gonarka, har dami kake ba su don su daɗe, shanu su ci kara su bar maka taki. Amma fa ku sani gero da dawa da wake da gyaɗa muke nomawa, ba wannan masarar taku ta kamfani mai cin taki ba, kuma gida ɗaya sai ka samu ƙarti goma suna gandu ba a biyan kowa. Yanzu ina gandun? Ina Fulanin da za su sauka? Jujin birni ma duk leda ce da batir. Karan da za a bar wa ƙasa an kwashe an sayar wa masu kiwo. Don haka abin da muka yi kyauta ku da kuɗi za ku yi shi.

Maman Ilham: Baba Allah ya ƙara girma da lafiya. Ni kam in aka bar ni zan faɗi nawa, don ni ina yi, ba labari nake ji ba. Ina da ɗan fili a gefen Abuja, latas, kokwamba, tumatir, alayyahu, kabeji, ba na sa takin buhu ba na feshin guba, kashin kaji da na zomo nake ruɓarwa, ƙwari kuma ruwan darbejiya da barkono da sabulu. Kuma wlh ina samu, alhamdulillah. Kwastomomina ba sa ciniki, ina sa musu a kwando ana kai musu gida duk mako, kuɗin da suke biya ya fi na kasuwa sosai kuma su suke kira na. Yawanci masu ciwon suga ne da hawan jini da masu ƙananan yara da kuma baƙi 'yan ƙasar waje. Saboda haka masu cewa babu riba su daina, akwai.

Alhaji na Dawanau: Hajiya Allah ya ƙara buɗi, ba wanda ya ƙaryata ki. Amma ke ba latas kike sayarwa ba, amana kike sayarwa, sun san ki sun san gonarki. Kuma irin waɗannan kwastomomin nawa ne a garin gaba ɗaya? In mata ashirin suka shigo layinki gobe kuɗin ya faɗi. Shi kuma Baban Sadik buhunan masara gare shi a Saminaka, wa zai kai wa a kwando?

Maman Ilham: Toh Alhaji wannan kuma gaskiya ne, ni ma ba zan ce ya yi da masara ba. Kuma aikin akwai wahala, yaran da nake biya cire ciyawa da tsince tsutsa su ke cinye kaso mafi girma. Amma dai ina so a daina yi mana kallon masu wasa.

Injiniya Ƙarami: Akwai bincike fa a kan wannan, ba surutu ba ne. Masana a Amurka sun nuna oganik ya fi riba.

Malamin Gona: Akwai, na san wanda kake nufi. A 2015 wasu malamai biyu na Jami'ar Jihar Washington suka tattara bincike 44 a kan amfanin gona iri 55 daga ƙasashe 14. Abin da suka samu, noman oganik ya fi riba da kashi 22 zuwa 35 cikin ɗari. Amma ka karanta har ƙasa. Wannan ribar ta zo ne saboda ana biyan kayan da ƙarin kuɗi wajen kashi 30 cikin ɗari a kan na gama gari. Da suka cire wannan ƙarin sai lissafin ya juye, noman zamani ya wuce gaba, don amfanin oganik ya fi ƙaranci kuma kuɗin ƙwadagonsa ya fi yawa. Abin da ya burge ni a ciki shi ne sun ce ƙarin kashi 5 zuwa 7 kacal ya isa su yi kunnen doki. To ka ga duk maganar ta dawo kan abin da Alhaji ya faɗa, wa zai biya ƙarin. A can akwai shago da tambari da doka da mai saye. A Dawanau ƙarin sifiri ne.

Na Giwa: Ku tambayi mutanen Siri Lanka. A 2021 shugabansu ya wayi gari ya hana shigo da takin zamani wai ƙasa duka ta koma oganik, shinkafa ta faɗi, ganyen shayi ya faɗi, ƙasar da ke ci da kanta ta koma sayo shinkafa daga waje, kafin shekara ta ƙare suka janye dokar, 2022 mutane suka mamaye fadarsa ya gudu. Shi kenan magana ta ƙare.

Injiniya Ƙarami: Ba ta ƙare ba yaya. Wannan dare ɗaya aka yi shi ba shiri, kuma dama bashi ya yi musu katutu ba su da dalar sayo takin, sai aka fake da oganik. Me ya sa ba ka kawo jihar Sikkim ta Indiya ba da ta bi a hankali fiye da shekara goma har aka ayyana ta a 2016?

Na Giwa: Sikkim ɗin mutum nawa ne a ciki? Ko miliyan ɗaya ba su kai ba, ƙaramar hukuma biyu a Kano ta fi su. Kuma a kan duwatsu suke, abincinsu da yawa daga wasu jihohi ake kawowa. Kar ka kawo min wannan.

Injiniya Ƙarami: Kai dai yaya ka ce kana da shagon maganin feshi kawai a huta.

Na Giwa: Kai yaro ka kiyaye ni. Ka taɓa riƙe fartanya tun safe har azahar?

Admin: Jama'a a yi haƙuri, ba gori ba zagi. Injiniya ka ba yayanka haƙuri. A ci gaba da magana a kan gona.

Injiniya Ƙarami: Afuwan yaya Na Giwa, wasa nake.

Malamin Gona: To Na Giwa ga naka da na yi alkawari. Matsalar Baban Sadik ba ƙarya ba ce, kuma ba za a magance ta da a ƙara buhu ba. Ƙasarmu ta nan arewa yawanci ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin ɗari ba, ta zama rairayi zalla, ba ta riƙe ruwa ba ta riƙe taki. Ka watsa yuriya a sama rana ta ci rabo, ruwa mai ƙarfi ya zo ya wanke saura, abin da masara ta samu kaɗan ne, kuma kai ka biya kuɗin buhun cif. Shi ya sa za ka ji manomi na cewa da buhu huɗu na isa ta yanzu sai shida. Ba gonar ce ta yi kwaɗayi ba, gajiya ta yi, ga yuriya shekara da shekaru ba takin gida tana sa ƙasa tsami. Ga ƙuduji, ciyawar nan mai maƙale wa saiwar masara da dawa tana shanye su, duk inda ka ga ya yi shuɗi da ja a gona ka san ƙasa ta talauce. Saboda haka mai zuba na buhu zalla shi ma yana cin uwar kuɗinsa ne a hankali bai sani ba. Sannan mu fa ba mu yi yawan taki irin na Turai ba balle a ce mu rage. A taron taki na Afirka da aka yi a Abuja a 2006 an ce manomin Afirka kudu da Sahara kilo 8 kacal na taki yake sawa a hekta, aka yi alkawarin kai shi 50 kafin 2015, ba a kai ba. Su can yawa ya dame su, mu nan rashi.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan wannan gardama ba mu da halin yin ta, don taki ya hi ƙarhin talakka tun tuni. Abin da munka koya shi ne ɗan kaɗan a inda ya dace. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sunka hiddo da dubara, maimakon a watsa taki ga gona duka sai a ɗebi cikin marhin kwalbar lemu, giram 6 na kamfa ko giram 2 na takin DAP, a sa ga ramin shibka, in da hali a haɗa da ɗan takin gida cikin tafin hannu. Hatsi na tashi da ƙarhi kuma kuɗɗin bai kashe ka. Wajen Tawa kuma tassa suke yi, a haƙa rami da rani a zuba taki, ruwa ya taru ciki, gara ta yi aikinta, hakon da anka yasar ya koma gona. Sannan ga sassaben zamani, ba mu tumɓuke kututture, muna barin itace shi tashi, musamman gawo, tunda da damana yake zubar da ganye bai yi ma hatsi inuwa, kuma duk wanda ya ga hatsin gindin gawo ya san ya bambanta. To ku gaya mini wannan oganik ne ko zamani? Mu dai rumbu muke dubi.

Baba na Gezawa: Allah ya yi maka albarka ɗan nan. Gawo ai mu ma ba a sare shi a da.

Na Kadawa: Ni manomin tumatir ne, bari in faɗi nawa ɓangaren tunda kowa taki yake ta magana an manta ƙwari. Hajiya Maman Ilham ruwan darbejiyarki yana aiki a fili ƙarami da kike zagayawa kullum kina duba ganye ɗaya ɗaya, ban musa ba. Amma wanda ya ga sharon, tsutsar nan ta tumatir, a 2016 ba zai ce a bar feshi ba, gona kore shar da yamma, kwana kaɗan ta koma kamar an sa mata wuta, kwandon tumatir ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, mutane suka yi asarar da har yau wasu ba su farfaɗo ba. Shekarar ce kuma tsutsar masara ta shigo mana. Sai dai kuma in faɗi gaskiya a kanmu, yadda muke feshin ma hauka ne, a haɗa magani kala uku huɗu a tanki ɗaya ba awo, yau a fesa gobe a tsinka a kai kasuwa, ba takunkumi ba safar hannu, tsutsar ta saba ta daina mutuwa sai a ƙara ninkawa. Kuɗin maganin kaɗai yanzu ya isa ya cinye ribar mutum.

Maman Ilham: Ka ji ko. Kuma mu ne muke ci da yaranmu. Ai saboda irin haka Turai ta hana shigar da wakenmu tun 2015, fiya-fiya aka samu a ciki ya wuce ƙima.

Alhaji na Dawanau: Hajiya wannan gaskiya ne amma ba a gona aka sa shi ba, a sito ne, 'yan uwana 'yan kasuwa ne ke zubawa don gudun ƙwari, ba zan kare su ba. Kuma maganinsa ba sai an koma oganik ba, buhun nan mai hawa uku na PICS in wake ya bushe ka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin da kansu suke mutuwa, ba ɗigon magani. Rowar kuɗin buhu ce kawai ke sa mutane zuba guba.

Na Maigatari: Ni abin da ke ci min rai daban ne. Mu nan Jigawa riɗi da zoɓorodo muke yi, kuma da yawanmu ba ma sa musu takin buhu ko kaɗan, zoɓo ma a kan iyakar gona ake jefa shi ya tashi da kansa. Wato mu tuni muna oganik ɗin ba mu sani ba. Ana kwashe riɗin nan zuwa Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo zuwa Meziko, na tabbata wani ana manna masa tambari a sayar da tsada, amma mu kuɗin da ake ba kowa shi ake ba mu. To ina ƙarin yake maƙalewa?

Malamin Gona: A hannun mai takarda yake maƙalewa. Kasuwar waje ba ta karɓar rantsuwa, shaida take so daga kamfanonin tantancewa irin su Ecocert ko Control Union. Kafin a ba ka sai gona ta yi zaman jira ba takin buhu ba feshin guba, dokar Turai shekara 2 ga amfanin da ake shukawa duk shekara, ta Amurka shekara 3, kuma duk tsawon wannan lokacin kuɗin gama gari za ka sayar. Sai an auna gonar an sa ta a taswira, sai ka riƙa rubuta duk abin da ka yi, sai an bar tazara tsakaninka da maƙwabci mai feshi, buhu sabo, sito daban, mota mai tsabta. Mai duba yana zuwa duk shekara kuma da kuɗin waje ake biyansa. Manomi ɗaya mai eka uku ba zai iya ba, shi ya sa ake yin ta ƙungiya, ɗaruruwan manoma a takarda ɗaya. To yawanci mai fitar da kayan ne ke biyan kuɗin, takardar da sunansa take fitowa, shi ke da wuƙa shi ke da nama, abin da ya ga dama ya ɗora muku a kilo.

Na Maigatari: Tabɗi. Ashe da sauran aiki. Kuma gaskiya yanzu yaranmu sun fara feshin ciyawa kafin shuka riɗin ma.

Malamin Gona: To ka ga wannan kaɗai ya fitar da ku daga layi. Kuma ban ga laifinsu ba, a nan ne ma oganik ke shan kaye a lissafi fiye da wajen taki. Lita nawa ta maganin ciyawa da mutum ɗaya da famfo a baya, yini guda ya gama hekta. Ka kwatanta da noman farko da maimai da 'yan ƙwadago, ga abincinsu, ga shi samarin sun tafi haƙar zinare da acaɓa, ranar da kake nemansu kowa ma nemansu yake.

Baban Sadik: Ina ta karantawa, na gode ƙwarai. To yanzu Malam in na ce zan rage na buhu in cike da kashin kaji fa? Na ga ana kawo shi tirela tirela daga kudu.

Na Giwa: Shi ma ya yi kuɗi malam. Duk sanda kamfa ya tashi shi ma tashi yake, ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma rabin buhun garin katako ne, wasu har ƙasa suke haɗawa don nauyi. Na buhun ma ba tsira ya yi ba, wani dila ya taɓa sayar min da kamfa na jiƙa a ruwa sai ga yashi kwance a ƙasan bokiti. Ana da dokar ingancin taki tun 2019, ana da kamfanin Dangote a Legas da Indorama a Fatakwal suna yin yuriya a cikin ƙasar nan, amma ka zo ƙauye ka ga farashi. Na tuna lokacin da aka yi shirin nan na takin gwamnati da ƙasar Maroko buhu naira 5,500, yanzu sai ka ce mafarki.

Malamin Gona: Duk da haka kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi ninki biyu ko fi, musamman na kajin ƙwai da ke keji wanda ba garin katako. Abin dariya kuma Injiniya, irin wannan na manyan gidajen kaji dokar oganik ta Turai ba ta yarda da shi ba. Amma Baban Sadik kai ba Turai za ka kai ba, ba ruwanka. Ni da ni ne kai ga yadda zan yi. Kar ka shimfiɗa masara a gonar duka, raba ta, ɓangare ɗaya waken suya, shi ba ya son yuriya, takin sufa kawai yake so da ɗan maganin nan na iri da ke sa saiwarsa tara naitirojin, kuma akwai irin da ke yaudarar ƙuduji ya tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Baɗi ka juya, masara ta hau inda wake ya sauka. Inda za ka sa masara kuma ka zuba kashin kaji gwargwadon ƙarfinka, ka rage kamfa, yuriya kuma kar ka watsa, tona ka binne gefen shuka a raba ta kashi biyu. Kuma ka ware ɗan yanki ka yi shi yadda ka saba, da kaka ka auna kowanne daban, ka rubuta har kuɗin shayin leburori. Gonar Saminaka daban da ta Maigatari, ba wanda zai ba ka lamba daga waya.

Injiniya Ƙarami: Amma Malam wannan ai ba oganik ba ne, haɗin gambiza ne. Ni dai har yanzu ina ganin in ba a fara ba ba za a taɓa samun kasuwar ba.

Alhaji na Dawanau: To ka fara mana yarona, amma da riɗi ko zoɓo ko citta, kuma ka nemo mai saye tukuna ya rubuta maka nawa zai ɗora a kilo kafin ka sa iri a ƙasa. In ka samo shi ka zo, ni zan ba ku gefen sito daban da sababbin buhuna.

Na Maigatari: Alhaji in da gaske kake akwai ƙungiya a wajenmu, sai dai shawo kan mutane su bar feshi shekara biyu ba ƙarin ko sisi, wannan sai an yi da gaske. Wanda ya ci bashin iri ba zai jira ba.

Baban Sadik: Malam tambaya ta ƙarshe, kashin kajin yaushe ake zubawa, kafin huɗa ko bayan ta fito?

Malamin Gona: Kafin huɗa, mako biyu ko uku kafin shuka, a juya shi cikin ƙasa. Kar ka bar shi tsibi a rana wata da watanni, ƙarfin ficewa yake. In dole sai ka ajiye, inuwa, a rufe.

Na Kadawa: Kuma dan Allah kar ka sa ɗanye a gindin shuka, ƙone ta zai yi ƙurmus. In ka buɗe buhu ka ji zafi da warin nan mai hawa ido bai gama ruɓa ba.

Na Giwa: Baban Sadik in za ka saya ka yi min magana ta gefe mu haɗa mota ɗaya, ni ma albasa ta nake son sa wa, amma sai an zazzage buhu uku a gabana na gani kafin in biya.